Ranar da Na Tuƙa Bestil a Gaban 'Yan Birni

'Yata Belma ta ɗauke mini tukunyar bestil ranar Juma'a ina masallaci, ta kai ta birnin Tuzla ta rataye a rufin ɗaki.

Na dawo na tarar da gurbinta a rumfa. Da'irar ƙura kawai, sai takarda da aka danne da dutse: "Baba, na ara. Kada ka yi faɗa." Na yi faɗa. Kaji ne suka ji.

Tukunyar jan ƙarfe ce, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Mahaifina ya bar mini. Shekara hamsin da ɗaya ina dafa bestil a cikinta duk Satumba, ban tsallake ko ɗaya ba, har shekarun yaƙi. Ba na sa sukari. 'Ya'yan itacen shliva ne zalla, masu zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, da wuta, da hannu, tun asuba har su narke su yi baƙi su yi kauri, muciya ta tsaya a ciki da kanta. A shafa a burodi har wata kakar. Duk ƙauyen sun san bestil ɗin Zulfo. Zulfo ni ne.

Shliva kuwa ta riga ta nuna. Itace arba'in a bayan gida, 'ya'yan na faɗowa, zanzaro na bi. In aka ƙara sati guda sai dai a zuba wa shanu.

Shekarar Belma talatin da takwas. Idan aka tambaye ni sana'arta nakan ce tana nan lafiya. Ta yi karatu a Sarajevo, ta ƙara a Graz ta ƙasar Austria. Ni aji huɗu na yi, kuma ya ishe ni. Da tana zane na gane: ta zana akuya, ta yi kama da akuya. Sai ta ce zane ya yi mata kaɗan. Ta shiga fim, ta shiga ɗinki, ta shiga ɗaukar sauti da wata irin rawa marar kiɗa. Wata shekara ta bi ƙauyen gida-gida tana ɗaukar kukan ƙofofi, aka kunna wa Jamusawa suka zauna shiru suna saurare. Ƙofar maƙwabcina Rizo ce ta fi kuka. Har yau bai sa mata mai ba, wai ta yi suna a waje. Wata shekara ta shiga kabad ɗin tufafi ta yi kwana uku, mutane na zuwa suna ƙwanƙwasawa tana amsawa. Da uwarta Zumra ta rasu, ta haɗa ɗankwalayenta duka ta ɗinka tanti. Wannan ban ce komai ba. Na shiga sau ɗaya, na fito.

Ba raguwa ba ce, wannan gaskiya ne. Tare muke tashi da asuba in ta zo gida. Tana auna abu sau uku, ta rubuta a littafi, ta sake aunawa. Hannunta na uwarta ne. Abin da take yi da hannun ne ban gane ba.

Rizo ya leƙo ta katanga da yamma yana tauna shlivata.

"An yi maka sata, tsoho?"

"Aro ne."

"Ga tawa ta alminiyam in kana so. Sabuwa fil."

"Ka yi wa jikokinka wanka a ciki."

Washegari na sa hular fita, na shiga bas.

Gidan da ake nuna ayyukan fasaha irin nata yana bayan kasuwa. Ɗaki fari fat kamar asibiti. A tsakiya ga tukunyata a kife, an rataye ta da sarƙa, bakinta na kallon ƙasa. Mutane sun yi layi. Kowa ya zo sai ya duƙa ya cusa kai ciki. Lokacin da na shiga wani mai kwat ne a ƙarƙashinta, daga kafaɗa zuwa sama tukunya ce.

Na miƙa hannu. Wani mai gadi siriri ya sha gabana. An rubuta Miro a ƙirjinsa.

"Baba, ba a taɓawa."

"Tawa ce."

"Kowa ya gani haka yake ji, Baba. Shi ne kyan aikin. Bi layi."

Na bi layi, saboda ba a koya mini tsallake mutane ba. Da na cusa kai sai na ji murya a ciki, ta wata ƙaramar lasifika. "Rufe ƙofa." Shiru. "Wa ya taɓa mini gatari?" Shiru. "A'a." Sai kuma "A'a." Sai wani "A'a" mai tari a ƙarshe. Muryata ce. Shekara biyu yarinyar nan tana ɗaukata a ɓoye.

Na fito na ga matar da ta riga ni tana share hawaye. Ta ce muryar ta tuna mata da mahaifinta. Na ce Allah ya jiƙansa, da alama mutumin kirki ne.

Belma ta fito daga wata ƙofa da tsani a kafaɗa, fenti a gwiwar wando. Bayanta shugabar gidan, wata Vesna, mai tabarau ja.

"Baba, sannu da hanya. Ka ci abinci?"

"Sauke mini tukunya."

"Ba za ta sauku ba sai ƙarshen Oktoba. An sa hannu a takarda."

"Shliva ba ta sa hannu ba."

Vesna ta dafa ƙirji ta ce, "Kai! Belma, rubuta wannan."

Belma ba ta rubuta ba. Ta ajiye tsani ta dube ni kamar yadda take duban abin da za ta auna. "Akwai hanya ɗaya, Baba. Akwai fili a bayan ginin nan. In ka yarda ka dafa bestil ɗinka a can ranar Laraba, mutane na kallo, ina ɗauka da kyamara, to ya zama kashi na biyu na aikin. Da ka gama ka tafi da tukunyarka."

"Da yamman?"

"Da yamman."

"Da itacena zan dafa. Ba na son na birni."

"Da itacenka."

Na yarda. Ban ga tarko a ciki ba.

Abin da ya sa ban gani ba shi ne ban taɓa tunanin hannu ba. A wurinmu mutum ɗaya ba ya tuƙa bestil. Awa goma sha ce, kuma in ta fara kauri, ka tsaya tsawon karanta Fatiha gindin ya kama, ƙauri ya shiga, aikin shekara ya tafi. Amma mai tukunya ba ya kiran kowa. Hayaƙi ke kira. Duk wanda ya zo wucewa sai ya shigo ya karɓi muciya, ba ya ce ba ni, kai ma ba ka ce ungo. Ya tuƙa, wani ya karɓe shi. Ba a roƙo, ba a godiya. In an gama a aika masa da kwalba. Mutumin da ya buɗe baki ya ce a taya shi, ya faɗa wa duniya ba shi da kowa. Kakan Rizo ya taɓa yi. Shekara tamanin ke nan, har yau ana kiran gidansu gidan A-taya-ni.

Kwana uku muna tsinka muna cire ƙwallo, matan unguwa suka zo da wuƙaƙensu ba wanda ya kira su. Talata na je na gina murhu a filin da bulo, na zaunar da tukunya, na shafe gefenta da laka. Miro ya bi ni da tsintsiya duk yinin. Laraba bayan sallar asuba Rizo ya kawo motarsa ta kaya muka loda. Belma ce ta shirya da shi. A hanya ya zuba mini gahawa kofi uku daga fulas, yana ta fara'a. Rizo bai taɓa ba ni ko ashana ba. Ya kamata in gane.

Ƙarfe shida na kunna wuta. Belma ta kafa kyamara a kan ƙafa uku, ta rataye makirfo a reshen bishiya saitin kaina, ta kawo mini babbar gorar ruwa. "Sha, Baba, za a yi rana." Na sha. Sannan ta zagaye murhun da jar igiya, taku biyar daga tukunya, ta kafa wani allo a jikin bango. Na bar tabarauna a gida, ban damu ba. Miro ya tsaya bakin igiya ya haɗa hannu a baya.

Da farko aikin ba wuya. Shliva na sakin ruwa, kana juyawa a hankali. Wajen ƙarfe goma ta fara yin ja mai duhu, tana tofi. Mutane suka fara shigowa. Kafin sha ɗaya sun kai arba'in. Na ji daɗi. Na ce a raina ga hannu arba'in, yau har barci zan yi.

Suka jera bayan igiya suka yi shiru.

Na tuƙa. Suka kalla. Wani mai gyale a wuya cikin wannan zafin yana rubutu a ƙaramin littafi. Wata ta raɗa wa mijinta, "Ɗan wasa ne ko na gaske?" Ya ce, "Dubi kunnensa, na gaske ne." Na dubi wani ƙato mai damtse kamar cinyar bijimi, na dubi muciya, na sake dubansa. Ya gyaɗa mini kai a hankali, ya sa hannu a zuciya.

Rizo ya samo kujera ya zauna a inuwa da kwandon ragowar shliva a cinya.

Sha biyu kafaɗata ta dama ta fara magana. Gahawa uku da gorar ruwa su ma suka fara tasu a marata.

"Rizo," na ce, "me aka rubuta a allon can?"

Ya tashi kamar jira yake, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi kamar mai shela: "Babana Zai Roƙa. Aikin Belma. Jan ƙarfe, wuta, shliva, da tsoho ɗaya. Ba mai ƙetare igiya sai tsohon ya ce a taya shi."

Mutane suka yi ɗan guna-guni na jin daɗi. Na dubi Belma. Idonta ɗaya na cikin kyamara.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Mene ne wannan?"

"Shekara talatin da takwas ban taɓa jin ka roƙi kowa komai ba. Ko gishiri a tebur, sai dai ka zuba masa ido har wani ya miƙo. Ina so in ji sau ɗaya. Wata takwas ina shirya wannan."

"Zo ki riƙe muciyar nan."

"Umarni na sha ji, Baba. Akwai ɗari biyu a ajiye a wurina."

Na ci gaba da tuƙi. Na koma hannun hagu.

Aka kira azahar a masallacin kasuwa. A ƙauye da tuni wani ya karɓa na tafi. Na ce da ƙarfi, ba da kowa ba, "An kira salla." Vesna ta raɗa wa na kusa da ita, "Kin ji? Lokaci ya shigo cikin aikin." Rizo ya tashi ya tafi masallaci, ya dawo yana goge fuska.

"Na yi maka addu'a, tsoho. Na ce Allah ya buɗe bakinka."

"Allah ya rufe naka."

"Kalma uku ce. A, taya, ni. Mu a gidanmu mun saba, ba ta kashe kowa."

Na ga dama. Na ce, "Gwamma da ka zauna. Kai ko kunu ba ka iya juyawa. Bara bestil ɗinka matarka ta liƙe tagar banɗaki da shi."

Rizo ya miƙe, wuyansa ya yi ja. "Ni? Ni ne ban iya ba? Matsa in nuna maka!" Ya ɗaga ƙafa zai ƙetare.

Miro ya tare shi, ya waiwayi Belma. "Wannan roƙo ne?"

"Zagi ne," in ji ta. "Kawu Rizo, koma ka zauna. Wayo yake maka."

Rizo ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya yi tunani, ya sauke. "Tsohon banza," ya ce. "Saura kaɗan." Ya koma kan kwando.

Ƙarfe biyu bestil ya yi nauyi kamar laka. Muciyar doguwa ce, ta itacen goro irin namu, Zumra ta naɗe mariƙinta da tsumma tun da daɗewa. Kowane zagaye sai na sa ƙugu. Ƙugun kuma ba ya son a matsa shi, saboda abin da na faɗa na gahawa. Na haɗe gwiwoyi. Na ɗaga dunduniya ɗaya, na sauke, na ɗaga ɗayar. Mai gyale ya ce wa na kusa da shi, "Ya fara rawar." Ya rubuta shafi guda.

Na gwada wata hanya. Na yi magana da tukunya. Na ce, "Tukunya, a garinmu mutane na da hannu. Nan kuwa Allah ya ba su ido kawai." Wata tsohuwa a bayan igiya ta motsa, na ga ta gane, daga gani 'yar ƙauye ce aka kawo birni. Ta fara naɗe hannun riga. 'Yarta ta riƙe ta. "Mama, don Allah, kada ki kunyata mu. Aikin fasaha ne."

"Aikin me? Mutumin nan zai faɗi!"

"Shi ne ai."

Belma ba ta zauna ba ita ma, wannan na lura. Tun asuba tana tsaye. Ta sauya batir sau uku, ta gyara makirfo, ta kwanta a ƙasa ta ɗauki ƙafafuna, ta hau tsani ta ɗauki tsakiyar tukunya. Rana ta ƙona mata wuya. Ba ta ci ba, ba ta sha ba. Duk lokacin da ta matso igiya sai ta ce a hankali, "Baba, faɗi kawai. Ba wanda zai kai labari ƙauye."

"Rizo fa?"

"Ni?" in ji Rizo. "Ni da na riga na buga wa mutum shida waya?"

Wajen ƙarfe uku hannuna ya daina jin maganata. Ina cewa zagaya, yana yin rabi. Akwai wani gefe na tukunyar, ta wajen da iska ke hura wuta, inda mahaifina ya taɓa yi mata faci. Nan take fara kamawa. Sau biyu muciya ba ta kai wurin ba. Sau uku.

Sai na ji shi. Ɗan ƙauri siriri, a ƙarƙashin zaƙin.

Mutum arba'in ba wanda ya san an yi wani abu. Mai gyale ma ya lumshe ido yana shaƙa. Hanci uku ne kawai a filin suka sani. Rizo ya ajiye kwando ya miƙe, ba dariya a fuskarsa.

"Zulfo," ya ce. Bai ce tsoho ba. "Ya fara kamawa. Faɗi."

Na tura muciya da ƙirji.

Belma ta ɗago daga kyamara. Hancinta ya buɗe kamar na uwarta.

"Baba."

Na tura.

"Baba, shlivar shekara guda ce!"

"Na sani. Ni na tsinka."

"To faɗi mana!"

Na tura. Muciya ta tsaya a tsakiya, ni ma na tsaya a jikinta.

Belma ta faɗi wata kalma da ban koya mata ba. Ta damƙa wa Vesna abin saurare na kunne, ta nufo igiya. Miro ya sha gabanta ya ware hannu.

"Bai roƙa ba."

"Matsa, Miro!"

"Ke kika ce ko ke ce kada in bari. Kin sa na maimaita sau uku. Kin rubuta mini a takarda." Ya fara laluben aljihu.

"Ni na kafa dokar!"

"Shi ya sa nake girmama ta."

Rizo ya zo ta baya ya rungumi Miro, ya ɗaga shi sama kamar buhun dusa, ya kai shi kan kujera ya zauna a cinyarsa. Belma ta bi ta ƙarƙashin igiya. Ba ta ce ba ni ba. Ban ce ungo ba. Hannunta ya sauka a kan tsumman, nawa ya tashi.

"Kawu Rizo, janye itace biyu ta gefen faci!" ta ce. Rizo ya ce ba zai iya tashi ba, yana kan aiki. Tsohuwar nan ta fizge daga hannun 'yarta, ta tsallake igiya da siket ɗinta, ta janye itacen da hannu ba tsumma.

Belma ta tuƙa. Ba ta kankare wurin da ya kama ba, ta bi ta samansa a hankali don kada baƙin ya tashi ya shiga sauran. Ban taɓa koya mata wannan ba. Zumra ce ke yi. Na tsaya na ga zagaye uku don in tabbata.

Sannan na tafi. Na taka a hankali, hannu a baya, na gaida Vesna da kai. Har kwanar gini na yi tafiyar dattijo. Abin da ya faru bayan kwana ba ya cikin fim.

Na yi alwala, na rama azahar, na zauna kaɗan a kan matakala. Da na koma, igiya na ƙasa ana takawa. Tsohuwar ce ke tuƙi tana yi wa ƙaton nan mai damtse faɗa, shi kuma yana jiran ta gaji. Bayan shi Rizo ya karɓa. Ya iya, ba laifi, amma yana gajarta zagaye. Mai gyale ma ya karɓa, gyalen ya shiga tukunya, aka ciro, aka kore shi. Miro ya zauna shi kaɗai da takardarsa a hannu, har tsohuwar ta ja shi ta ɗora hannunsa a kan muciya. Ya ce shi bai ga komai ba, ya tuƙa minti ashirin.

Ƙarfe biyar da rabi na karɓa na yi zagayen ƙarshe. Na tsayar da muciya a tsakiya na saki. Ta tsaya. Na ɗebo a cokali na kife, bai ɗiga ba. Na ɗanɗana.

"Ya yi," na ce.

Suka yi tafi kamar an ci ƙwallo. Aka aika kasuwa aka sayo burodi. Vesna ta ci yanka uku, bestil har a tabarau, tana cewa ba a taɓa yin aiki irin wannan a gidan ba, wai rushewar aikin ita ce aikin. Ta ce akwai masu irin wannan gida a Vienna, za su so a maimaita. Na ce shliva sau ɗaya take nuna a shekara.

Muka cika kwalabe da zafinsa. Gefen faci ya bar baƙin tabo kamar tafin hannu, shi ke nan asarar. Rizo da ƙaton suka ɗaga tukunya suka sa a mota. Na duba cikinta da kaina ko an bar lasifika.

Belma na zaune a kan bulo, tafin hannunta ya yi bororo biyu. Littafinta na gefe a rufe.

"Wata takwas, Baba," ta ce. "Na auna komai. Na auna awa nawa hannunka zai yi. Na tambayi likita game da gahawa."

"Ba ki auna hancinki ba."

Ta yi dariya, ba da son ranta ba. Na ɗauko kwalbar farko, wadda ake ba wanda ya fara karɓar muciya, na ajiye kusa da ƙafarta. Ta dube ta. Ta san ta mece ce. Ta ɗauka ta riƙe da hannu biyu duk da zafin.

Sai kuma ta ajiye, ta miƙe, ta kwance makirfo daga reshe. Kyamara na nan a kunne, jar fitilarta na ƙiftawa.

"To na haƙura da roƙon. Amma fim ɗin ba shi da ƙarshe. Ka ce na gode kawai."

"Ga kwalba nan."

"Kwalba ba ta da sauti, Baba."

"Buga ta da cokali."

"Faɗi mana, tsoho, mu tafi," in ji Rizo daga cikin mota. "Ni fa na ɗaga ma'aikacin gwamnati saboda kai."

"Kai ma taka kwalbar na nan."

Belma ta matso da makirfo har ya taɓa mini gashin baki. Vesna ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru, har masu tauna burodi.

"Baba, kalma biyu ce. Don Allah."

Na gyara hulata. Na duƙa daidai bakin abin don ya ɗauka da kyau.

"A'a. Ba zan faɗa ba."